Yadda Ake Haɗa Zanen Gini Da Jadawalin Aiki Da Lissafin Kuɗi A Cikin BIM

Duk wanda ya taɓa riƙe aikin gini ya san takardu uku ne ke juya sait, akwai zane, akwai jadawalin aiki, sai BOQ wato takardar lissafin kaya da kuɗi. Kuma ya san takardun nan uku ba kasafai bakinsu ke zuwa ɗaya ba. Akitek zai matsar da bango ko ya ƙara taga, QS, wato mai lissafin kaya da kuɗi, bai ji ba, mai tsara jadawali shima bai ji ba, sai ranar da aka zo odar bulo ko ranar biyan ɗan kwangila sannan a hau kallon-kallo kowa na cewa ai ni da zanen da aka bani nayi aiki. To wannan ɓarakar ce BIM ya zo toshewa. Maimakon layuka a takarda, ginin ake tayarwa gaba ɗaya a cikin kwamfuta, kowane bango ya san shi bango ne, ya san kaurinsa da tsayinsa da kayan da aka yi shi da su da hawan da yake. Idan ka ɗaura wa wannan modal ɗin lokaci shi ake kira 4D, idan ka ƙara masa kuɗi ya koma 5D.

Bari in faɗi abin da nake so ka riƙe tun daga nan, don duk sauran bayanin a kansa zai hau. Manhaja bata haɗa komai da kanta. Abu biyu ne ke ɗaure zane da jadawali da kuɗi wuri guda, na farko a zana ginin yadda za a gina shi a ƙasa, na biyu kowane yanki na ginin ya samu lamba guda ɗaya tak, ita ce a modal, ita ce a jadawali, ita ce kuma a BOQ. In babu waɗannan biyun, ko wace irin manhaja ka siya komai tsadarta, iyakacinka ka fitar da bidiyo mai kyau ka nuna wa mai aiki, wato mai ginin, ya tafa maka, amma foman ɗin da ke sait ba abin da zai amfana da shi.

Maganar kayan aiki ba zan daɗe a kanta ba. Wajen zana modal ɗin kansa akwai Revit na kamfanin Autodesk, akwai ArchiCAD na Graphisoft wanda tun shekarun 1980 yake, akwai Tekla Structures wanda masu aikin ƙarfe da rodi suka fi so. Jadawali kuma yawanci a Primavera P6 ko Microsoft Project ake yinsa. Sai manhajar da ke tsakiya tana haɗa biyun, wato Navisworks ko Synchro, sannan na lissafin kaya irinsu CostX, kodayake wallahi da yawa daga cikin aikin 5D a Excel yake ƙarewa kuma babu laifi a hakan. Wanda bai da kuɗin lasin zai iya fara koyo da Bonsai, wanda da ake kira BlenderBIM, kyauta ne kuma kai tsaye yake aiki da fayil ɗin IFC, wato irin fayil ɗin da manhajojin BIM daban-daban ke iya buɗewa. A misalaina zan fi ambaton Revit da Navisworks saboda sune mutane suka fi cin karo da su, amma tsarin ɗaya ne ko ina. Ka dai lura Navisworks iri uku ne, Freedom na kallo ne kawai kuma kyauta, Simulate yana yin 4D da lissafin kaya, amma binciken karo sai a Manage.

Kafin kowa ya ja layi ɗaya, ku zauna ku rubuta yarjejeniya, ita ake ce wa BEP. Mutane na raina wannan takarda suna ganin ɓata lokaci ce, alhali tun ran gini ran zane. A ciki za ku tsayar da wace shekarar manhaja kowa zai yi aiki da ita, don Revit baya buɗe fayil ɗin da aka ajiye da sabon fitowa a tsohon fitowa, mutum ɗaya ya ɗaga fayil zuwa sabuwar shekara ya kulle kowa a waje. Za ku tsayar da ma'auni, mita ne ko milimita, da sunayen hawa-hawa, da kuma wurin da za a ɗauka a matsayin tushen awo na kowa da kowa, domin in akitek da injiniyan ƙarfe da mai zanen bututu basu tashi daga wuri ɗaya ba, ranar da ka haɗa modal ɗinsu zaka ga bututun na shawagi can gefe nesa da ginin. Sai kuma zurfin bayani, wato LOD. Ana ƙirga shi daga 100 zuwa 500, a LOD 200 abu yana nan da kimanin girmansa kawai, a 300 girmansa da wurinsa daidai suke har za a iya auna shi, a 400 ya kai a ƙera shi. Don lissafin kuɗi da za a sa hannu a kai, kar ka yarda da ƙasa da 300 a manyan abubuwa irin kankare da bango. Idan aikin babba ne akwai ƙa'idar ISO 19650 da ta fito a 2018, ita ta tsara yadda bayani ke tafiya daga wanda ake kan aikinsa zuwa wanda aka raba wa abokan aiki zuwa wanda aka amince aka fitar, kuma ko a ƙaramin aiki yana da kyau ka ari wannan tsarin ko da da folda huɗu ne kawai, ta huɗun ta ajiyar tsofaffi.

Yanzu ga inda yawancin modal ke lalacewa. Mai zane abin da ke gabansa shi ne takarda ta fito da kyau, don haka sai ya ja ginshiƙi ɗaya tun daga fandisho har rufin bene mai hawa biyar, ya ja bangon waje shima haka a tsaye guda ɗaya, a zane ba wanda zai gane. Amma ai ba haka ake gini ba. Ginshiƙin hawa na ɗaya ake zubawa, a yi dakin, wato shimfiɗar kankaren bene, a kansa, sannan a tayar da na hawa na biyu, tsakaninsu akwai makonni. Idan ginshiƙin guda ɗaya ne a modal, ba yadda za ka ce masa rabinka ka bayyana a watan uku sauran a watan huɗu. Saboda haka duk abin da ke tsaye a yanka shi hawa-hawa. Dakin ma haka, idan faɗinsa ya kai a zuba shi kashi biyu ko uku, a raba shi a modal daidai inda injiniya ya yarda a tsaya da zubi, a Revit akwai Parts da ake wannan yankan da shi ba tare da an taɓa asalin zanen akitek ba, har yana iya raba bango zuwa bulo daban filasta daban, wanda kuwa yana da amfani sosai tunda birkila da mai filasta ba rana ɗaya suke shiga ba. Kuma a yi amfani da kowane abu a muhallinsa, kar a zana linta da kayan zana bango, kar a zana matakala da kayan dakin don dai ta yi kama a ido, saboda ranar lissafi manhaja bata kallon kama, sunan da aka ba abu take ƙirgawa.

Akwai kuma shigar juna. Inda bango ya shige cikin dakin ko ginshiƙi ya shige cikin bango, in ba a haɗa su yadda ɗaya zai yanke ɗaya ba, wannan ɗan wurin sau biyu za a ƙirga shi. A ginshiƙi ɗaya ba wani abu bane, amma ka ninka shi a duk mahaɗar da ke cikin bene gaba ɗaya kaga kankaren da babu shi ya shigo lissafi.

To sai lambar. Wannan shi ne zuciyar aikin kuma a nan nake so ka fi ɓata lokaci. Ka ƙirƙiri gurbin bayani guda ɗaya a modal, wanda kowane abu zai ɗauka, ka sa masa suna mai sauƙi kamar Lambar Aiki. Lambar ta faɗi abu huɗu, wane gini, wane hawa, wane yanki, wane irin aiki. Misali B1-H2-Y1-GN, ma'ana bulok na ɗaya, hawa na biyu, yanki na ɗaya, ginshiƙai. Dakin ɗin wannan wurin ya zama B1-H2-Y1-DK, bangonsa B1-H2-Y1-BG, haka dai. Ba dole sai irin tawa ba, akwai tsararrun lambobi da duniya ta sani irin Uniclass da ake amfani da shi a Birtaniya da UniFormat da MasterFormat na Amurka, in mai aiki ya ce su yake so sai ka ɗora naka wurin da yankin a kansu. Abin da ya zama dole shi ne mutum uku su zauna su yarda da ita tare, mai modal, mai jadawali da QS, kuma bayan an yarda ba mai canja ko harafi ɗaya shi kaɗai. Ka kula da ƙananan abubuwa, wani ya rubuta H2 wani ya rubuta H02, wani ya bar sarari a ƙarshen lamba, kai a idonka duk ɗaya ne amma kwamfuta abubuwa daban take gani. Idan an gama cikewa ka fitar da jeri na duk abin da ke modal ka tace waɗanda gurbin lambarsu yake wayam, sai jerin nan ya koma babu komai sannan ka wuce gaba.

Wata tambaya da ake yawan yi ita ce yaya girman yanki zai kasance. Ni a ganina ka bi yadda ake ba da aiki a sait. Idan foman yana ba ƙungiya ɗaya ginshiƙan rabin hawa a matsayin aiki guda, to rabin hawan nan shi ne yankinka. Ba kowane ginshiƙi lambarsa daban wahala ce da ba za ka iya ci gaba da ita ba bayan wata biyu, ba hawa gaba ɗaya lamba guda kuma ba zai nuna maka komai ba game da yadda ma'aikata ke bin juna.

Kafin ka shiga lokaci da kuɗi, ka fara binciken karo, don babu amfanin tsara jadawalin ginin da ba zai ginu ba. Ka haɗa modal ɗin akitek da na ƙarfe da kankare da na bututu da wuta a Navisworks Manage ko Solibri, ka sa ya nemo inda abubuwa suka ratsa juna. Karon farko zai kawo maka dubbai, kar hankalinka ya tashi, yawancinsu abu ɗaya ne yake maimaituwa, bututu ɗaya da ya bi ta ƙarƙashin dakin zai iya haifar da karo a kowane bim, wato ginshiƙin kwance da ke ɗauke da dakin, da ya gifta. Ka tattara su rukuni-rukuni, ka fara da manya, bututun iska na sanyaya ɗaki da bututun magudana da ke buƙatar gangara, su ne masu wuyar kaucewa, wayar wuta da ƙananan bututun ruwa suna iya lanƙwasawa su bi wani wuri. Kuma kar ka tsaya a inda abu ya taɓa abu kawai, ka bincika har inda babu isasshen sarari, misali bawul da aka matse a bayan silin yadda hannun mai gyara ba zai shiga ba. Wajen tura wa mai gyara, akwai tsarin BCF da ke ɗaukar hoton wurin da bayanin matsalar ya kai shi kai tsaye cikin manhajarsa, ya fi a riƙa tura hoton sikirin ana cewa duba can wajen kwana.

Jadawali kuma a manhajarsa zaka gina shi, P6 ko Project, kuma kowane aiki da ke da jiki a modal ya ɗauki lambar nan tamu. Abin daɗin shi ne yanzu ba sai ka yi ƙiyasin kwanaki da ka ba, modal zai baka adadi. A ce bangon wani yanki ya kama murabba'in mita 480, kuma a ce daga abin da ka sani na ma'aikatanka ƙungiya ɗaya tana ɗora mita 20 a rana, in ka sa ƙungiya biyu kwana 12 kenan. Wannan 20 ɗin misali ne kawai, naka adadin daga tarihin aikinku zaka samo shi, kuma in baku ajiye irin wannan tarihi to ku fara daga wannan aikin. Daga nan ka ɗaure ayyukan da juna, kowane aiki ya san me yake jira kuma me ke jiransa, kar ka riƙa buga kwanan wata da hannu don in ka yi haka ranar da abu ɗaya ya makara sauran ba za su motsa ba. Ka saka lokacin jira inda ya dace, kankare ba a zuba shi yau a cire katakon ƙarƙashinsa gobe, injiniya ne zai faɗi kwana nawa, kuma ƙarfin da ake auna kankare da shi a bisa al'ada na kwana 28 ne. In ka ɗaure komai daidai manhaja zata fito maka da jerin ayyukan da in ɗaya ya makara da kwana ɗaya duk aikin ya makara da kwana ɗaya, wannan dabarar ta CPM tun ƙarshen shekarun 1950 ake amfani da ita, BIM bai canja ta ba, ido kawai ya ƙara mata. Kuma ka tuna akwai ayyuka da yawa da basu da jiki a modal, neman izini, odar lifta da ke ɗaukar watanni, gwajin kankare, duk su zauna a jadawali ko da babu abin da za a liƙa musu.

Haɗawar ita ce mafi sauƙi in ka yi na baya da kyau. Ka fitar da modal zuwa Navisworks, in ka yi amfani da Parts ka tabbata ka kunna zaɓin da ke fitar da su, in ba haka ba dakin ɗin da ka sha wahalar yankawa zai zo a dunƙule. Sannan ka yi Search Set ga kowace lamba, wato ka ce wa manhaja duk abin da Lambar Aikinsa ta zama kaza ka tattaro min shi, ka sa wa tarin sunan lambar. Kar ka zaɓi abubuwa da hannu ka ajiye, domin wanda aka zaɓa da hannu baya sanin an ƙara sabon ginshiƙi a mako mai zuwa, shi kuwa Search Set duk sanda modal ya canja zai sake nema da kansa. Sai ka buɗe TimeLiner, wato sashen jadawali na Navisworks, ka jawo jadawalin, ko daga Project ko P6 ko ma fayil ɗin CSV, ka sa dokar da ke liƙa kowane aiki da tarin da sunansu ya zo ɗaya, cikin ɗan lokaci ɗaruruwan ayyuka sun liƙe. Kowane aiki ka faɗa masa irinsa, na ginawa ne, na rushewa ne, ko na wucin gadi, a yadda manhajar ta zo na ginawa kore yake nunawa lokacin da ake kansa, na rushewa ja, na wucin gadi rawaya. Bayan nan ka yi bincike biyu, abubuwan da ke modal da ba a liƙa su da kowane aiki ba, da ayyukan da ya kamata su samu abu amma basu samu ba.

Idan ka kunna ka ga ginin na tashi a sikirin akwai daɗi, amma ba don daɗin aka yi ba, kallon neman kuskure zaka yi kuma a hankali, mako-mako. Shin akwai dakin da ya bayyana kafin ginshiƙan da ke ɗauke da shi? An rufe silin kafin mai bututu ya gama abin da ke samansa? Akwai makon da birkila da mai wayarin da mai tayil duk suka taru a yanki ɗaya? A jadawali mai layi dubu ba za ka taɓa ganin wannan cunkoson ba don kowa layinsa daban, amma a 4D zaka ga wuri ɗaya ya yi kore shar da ayyuka huɗu lokaci guda alhali ɗaya ɓangaren ginin ba kowa. Ka saka kayan wucin gadi ma ko da a siffar akwati ne kawai, kiren da iyakar inda hannunsa ke kaiwa, sikafol, wurin sauke kaya, hanyar da motar kankare zata bi, saboda sau da yawa matsalar ba a ginin take ba, a filin da ke kewaye da shi take, an haƙa ramin magudana ya datse hanya a daidai makon da ake zubin dakin. Kuma don Allah ka kira foman da masu ƙananan kwangila su kalla tare da kai. Mutumin da ba zai karanta jadawali ba, in ya ga ginin na tashi a gabansa cikin minti biyu zai ce maka tsaya, wannan ba zai yiwu ba, kuma yawanci gaskiyarsa ne.

Sai kuɗi. Modal zai baka adadi nan take, dakin mai mita 20 a tsayi 12 a faɗi da kaurin 0.15 zai ce maka kubik mita 36, ginshiƙi mai 0.3 da 0.3 da tsayin mita 3 zai ce 0.27, guda 24 sun zama 6.48. Ka fitar da waɗannan a jere bisa Lambar Aiki, in ta IFC zaka bi ka kunna zaɓin fitar da adadin asali kuma ka tabbata gurbin lambar taka ya biyo fayil ɗin, don ba ya bi da kansa sai an ce masa. Amma a nan ne mutane ke faɗawa rami, suna ɗauka abin da modal ya faɗa shi ne BOQ. Modal abin da aka zana kawai ya sani. Katakon zubi yawanci ba a zana shi, sai dai ka lissafo shi daga jikin abin, ginshiƙin nan da muka ambata fuska huɗu kowace 0.3 sau 3, murabba'in mita 3.6 kenan na katako a kowane ɗaya. Rodi ma sau da yawa ba a zana shi sai a matakin ƙarshe, in an zana to nauyin mita ɗaya shi ne kaurin rodin sau kansa a raba da 162, mai milimita 12 ya kama kilo 0.89, mai 16 kilo 1.58, kuma ka duba ko an saka inda rodi ke hawa kan rodi wajen haɗi, in ba a zana ba sai dai ƙiyasi daga injiniya kuma ka rubuta a fili cewa ƙiyasi ne. Ɓarnar kaya bata modal, bulon da zai fashe da tayil ɗin da za a yanke a zubar. Ƙarin faɗin haƙa don ma'aikaci ya samu wurin tsayawa baya ciki. Ofishin sait, masu gadi, inshora, hayar kiren, duk babu, kuma yawancin waɗannan da tsawon lokaci suke tafiya, ma'ana jadawali ne ke faɗin kuɗinsu, aiki ya ƙara wata biyu su ma sun ƙaru.

Akwai kuma ƙa'idar awo. QS yana bin tsari ne, irin NRM2 na RICS, ƙungiyar masana awo ta Birtaniya, ko CESMM a aikin hanya da gada ko wanda ƙasarsa ta tsayar, kuma waɗannan tsare-tsaren suna da nasu dokoki, misali wasu ƙananan ramuka a bango ba a cire su daga awo, ita kuwa manhaja duk ramin da ta gani cirewa take. Don haka QS bai rasa aikinsa ba, aikin ne ya tashi daga jan rula ya koma tantancewa. Shawarata a nan, kafin ka yarda da adadin modal ka ɗauki yanki ɗaya ka auna shi da hannu yadda aka saba, ka gwada da abin da modal ya bayar, in sun yi nisa da juna ka nemo dalili kafin ka ci gaba, galibi zaka tarar ko abu biyu ne aka zana a kan juna ko an ba wani abu sunan da ba nasa ba.

Farashin kowane abu kuma ka ajiye shi a wajen modal, a Excel ko manhajar lissafi, lambar ce zata haɗa su. Dalili shi ne farashi yana canjawa fiye da yadda zane ke canjawa, kuma ba kowa da ke buɗe modal ya kamata ya ga ribar ɗan kwangila ba. Kowane farashi ka fasa shi, kaya nawa, lebura nawa, inji nawa, sannan kuɗin gudanarwa da riba, yadda in siminti ya tashi wuri ɗaya zaka gyara komai ya bi. Da zarar kowace lamba ta samu adadi da farashi da kwanan wata, kana iya fitar da abin da za a kashe kowane wata, in ka tara shi a zane zai fito kamar harafin S, a hankali da farko, da gudu a tsakiya, ya sake lafawa a ƙarshe. Wannan zanen shi mai aiki ya fi buƙata, domin shi ke gaya masa watan da dole kuɗi su kasance a hannu, kuma aiki da yawa ba rashin kuɗi gaba ɗaya ke tsayar da su ba, rashinsu ne a watan da aka fi buƙata.

Abin da ya rage shi ne riƙon abin bayan an fara gini, kuma nan ne da yawa ke saki. A tsayar da rana ɗaya a mako da ake karɓar sabon modal, kuma a roƙi masu zane kar su riƙa goge abu su sake zana shi in gyara kawai yake buƙata, saboda kowane abu yana da lambar shaida ta ciki da manhaja ke gane shi da ita, in an goge an sake sai ta ɗauka an cire ɗaya an kawo sabo, kuma sabon zai zo gurbin Lambar Aikinsa wayam. Duk sabon modal da ya shigo ka gwada shi da na baya ka ga me aka ƙara, me aka cire, me ya canja girma, ka kai wa QS bambancin a makon, kar a bari su taru. Ka ajiye jadawalin farko da aka amince da shi kar ka taɓa shi, kowane mako ka shigar da ainihin ranar da aka fara da ranar da aka gama kowane aiki a gefensa, TimeLiner yana iya nuna wanda aka tsara da wanda ya faru a launi daban. Wajen auna ci gaba kuma ka daina karɓar an kai kashi tamanin da baki, ka tambayi lamba, a B1-H2-Y1-GN ginshiƙi nawa aka zuba cikin 24, in 18 ne to kashi 75 ne, ka ninka da kuɗin da aka ware wa lambar ka samu darajar aikin da aka yi, sai ka gwada ta da abin da ya kamata a ce an yi zuwa yau da kuma abin da aka kashe a zahiri, kuma da wannan adadin za a rubuta takardar biyan ɗan kwangila ta wannan watan.